Bernard Fagg: Baturen Da Ya Bi Ramukan Kuza Yana Tambayar Inda Aka Samo

A wannan fitowar, filin tarihin mashahuran mutane zai kawo muku wani mutum da yawancinmu ba mu san sunansa ba, alhali tun muna firamare muke haddace abin da ya gano. Duk wanda ya yi boko a ƙasar nan ya ji an ce al'adar Nok. An tambaye mu ita a jarrabawa, mun kuma ga hoton kan nan na yumɓu mai hudaddun idanu a littafin tarihi. To, mutumin da ya fara tara waɗannan kawuna wuri ɗaya, ya ce aikin al'umma ɗaya ne, ya raɗa musu suna, shi ne Bernard Fagg, wanda ya rayu daga 1915 zuwa 1987.

Ni ɗan ƙasar Birnin Gwari ne, inda haƙar zinare ta zama sana'ar da yawa daga cikin sa'o'ina. Abin da ya sa na zaɓi Fagg ke nan. Aikinsa duka a bakin ramin ma'adinai ya fara, kuma tambayar da ya yi suna da ita gajeriya ce: wannan abin, a ina aka samo shi, zurfin nawa, me ke kusa da shi?

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Bernard Evelyn Buller Fagg a Landan ranar 8 ga Disamba, 1915. Mahaifinsa sana'arsa sayar da tsofaffin littattafai, saboda haka a cikin tsofaffin abubuwa ya buɗe ido. Yayansa William, wanda ya girme shi da shekara ɗaya, shi ma ya yi suna daga baya a babban gidan tarihin Birtaniya, inda ya zama masanin sassaƙa da ƙira na Afirka. Bernard ya yi sakandare a kwalejin Dulwich, sannan ya wuce Jami'ar Kambirij. A can ya karanci tsofaffin harsunan Turai, da ilimin al'adun ɗan Adam, da ilimin tonon kufai, wato gano tarihin mutanen da suka shuɗe ta hanyar abin da suka bari a ƙasa.

A 1939 ya zo Nijeriya. Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi ƙaramin jami'in mulki, irin masu bin Di'o rangadi. A shekarar ce Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aka tura shi gabashin Afirka tare da sojojin injiniya. A Kenya ya haɗu da Catherine Davidson, suka yi aure a 1942. Ita ce ta zama abokiyar aikinsa har ƙarshen rayuwarsa. Bayan haka ya dawo bakin aikinsa a Jos.

Jos da kuza

Jos ta wancan lokaci garin kuza ce. Kamfanonin Turawa sun yaye ƙasa tun daga kan tudun Filato har gangarowa Jama'a da ƙasar Jaba. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuzarta, sai ta matsa wa Arewacin Nijeriya. Aka riƙa kwaso dubban talakawa daga larduna ana kawo su aikin tilas cikin sanyin Filato, da yawa ba su koma gida ba. Ya kamata mu riƙe wannan a zuciya, domin hannuwan leburorin ramukan kuza ne suka fara ɗaga kayan Nok daga ƙasa.

Kuza takan taru a ƙarƙashin yashi da tsakuwa na tsofaffin magudanan ruwa. Kafin a kai gare ta sai an cire ƙasa mai yawa. Cikin wannan ƙasar ma'aikata kan ci karo da gatarin aradu, da duwatsun niƙa, da tsingaro, wani lokaci har da siffar mutum ko dabba ta gasasshen yumɓu. A 1928 an tsinci wani ɗan kai irin wannan a wurin haƙa kusa da ƙauyen Nok, wanda yanzu ke ƙaramar hukumar Jaba a jihar Kaduna. Wani Bature mai suna Kanar Dent Young, ɗaya daga masu kamfanin, ya kai shi ɗakin ajiya na ma'aikatar ma'adinai a Jos. Nan ya zauna shekara goma sha biyar ba wanda ya san matsayinsa.

Kan da ya yi gadin doya

Wajen 1943 wani akawu a wurin haƙar kuza kusa da Jama'a ya samu wani kai na yumɓu. Ya ɗauke shi ya kai gonarsa ta doya, ya kafa shi a kan mutum-mutumi. Kusan shekara guda kan yana can, rana da ruwan sama na dukansa. Manajan wurin ne ya gan shi, ya karɓa, ya kai Jos, har ya shiga hannun Fagg. Labarin da aka saba bayarwa yakan kawo sunan manajan, akawun kuwa sai dai a ce wani akawu.

Da Fagg ya ɗora wannan kai kusa da na 1928 sai ya ga alamar hannu ɗaya, ko da yake an same su a wurare daban. Daga nan ya shiga yawon ramuka. Yana bin manajoji da helumomi da leburori yana roƙon duk wanda ya ga irin wannan kada ya fasa, kada ya jefar, a aiko masa, a kuma gaya masa ramin da zurfinsa. Kaya suka fara taruwa. Kamanninsu a bayyane suke: ido kamar rabin wata ko mai kusurwa uku, an huda ƙwayar idon, an huda hanci da kunne, wani lokaci da baki. Ga kitso iri-iri, ga tsakiya da duwatsun wuya jibge. Cikinsu rami ne, an gina su zobe bisa zobe kamar yadda ake ginin tukunya, kuma hudojin nan suna taimaka wa iska ta fita lokacin gashi don kada su tsage. A 1945 ya buga rahotonsa na farko a kansu. Ya kira su da sunan Nok, bisa al'adar masu wannan ilimi ta sa wa abu sunan wurin da aka fara samunsa. Don haka Nok sunan ƙauye ne da aka ara wa mutanen da suka riga ƙauyen zama da shekaru dubbai.

Bai tsaya ga abin da wasu suka haƙo ba. A 1944 ya yi tono da kansa a ƙarƙashin wani dutse a Rop, kudu da Jos, inda ya samu ƙananan makamai na dutse irin na mafarautan dā can.

Gidan tarihin Jos

A 1947 ya bar aikin mulki ya koma sashen kula da kayan tarihi, ƙarƙashin Kenneth Murray, wani malamin zane da ya daɗe yana kukan yadda ake kwashe kayan ƙasar nan. A lokacin, al'adar Bature idan ya samu abu mai kyau ita ce ya sa shi a akwati ya hau jirgin ruwa. Kayan Benin da aka wawashe a 1897 suna can Turai. Fagg da Murray suka dage cewa abin da aka samu a nan, a nan zai zauna. Fagg ya tsaya a kan ginin gidan tarihin Jos har aka buɗe shi a 1952. A 1953 aka yi dokar da ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba. A 1957 ya gaji Murray a matsayin darakta, ya riƙe muƙamin har bayan samun 'yanci. A ƙarshen zamaninsa aka kafa makaranta a Jos, da taimakon UNESCO, don koyar da ma'aikatan gidajen tarihi daga ƙasashen Afirka daban-daban.

Ba ina wanke shi ba ne. Ma'aikacin mulkin mallaka ne, kuma gidan tarihin da ya shugabanta daga baya a Ingila shi ma yana da kayan Benin a ciki. Amma kan Jama'a da 'yan uwansa da ya tara sun zama mallakar Nijeriya, ɗalibi zai iya shiga mota ya je ya gan su ba tare da neman biza ba. Wannan kam aikinsa ne.

Shekarunsu nawa?

Nan ne wahalar take. Kayan da ake samu a ramin kuza ruwa ne ya kwaso su daga inda suke tun asali ya jibge cikin tsakuwa. Abu na shekara dubu biyu na iya kwanciya kusa da na shekara dubu goma. A ƙarshen shekarun 1940 wani masani a Amurka, Willard Libby, ya fito da hanyar awon shekaru. 'Yan sashen kimiyyar ɗakin gwaji sun san ta. Duk abu mai rai yana ɗauke da nau'in sinadarin kabon mai lamba 14. Idan ya mutu sai sinadarin ya fara raguwa, rabinsa yakan tafi cikin shekara 5,730. Idan ka auna abin da ya rage a guntun gawayi, ka san lokacin da aka sare itacen. Fagg ya aika guntayen itace daga ramukan Nok aka auna, daga nan ya ƙiyasta cewa al'adar ta rayu tsakanin shekara ta 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) zuwa ta 200 bayan haihuwarsa.

Amma ya san hujjar ba ta cika ba, tunda ruwa ya dama wurin. Yana bukatar wurin da mutanen suka zauna, suka tashi suka bar kayansu yadda suke. Ya same shi a Taruga, cikin yankin da yanzu ya zama Babban Birnin Tarayya. Ya yi tono a can a shekarun 1960. Ya samu gutsattsarin siffofin yumɓu da tukwane, ga kuma tanderun narka tama fiye da goma, da kashin ƙarfe, da bututun yumɓu da iska ke shiga ta cikinsu. Gawayin wurin ya nuna ana narka ƙarfe a nan ƙarni huɗu zuwa biyar kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Taruga ta zama ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren narka ƙarfe da aka sani a Afirka ta Yamma a lokacin. Ku duba fa, 'yan injiniya: mutum ya zaɓi dutsen tama, ya gina tanderu, ya sarrafa iska da gawayi har zafi ya haura digiri dubu, tun shekara dubu biyu da ɗaruruwa. Wannan hujja ta fito a zamanin da wasu manyan malaman Turai ke cewa Afirka ba ta da tarihin da ya cancanci a koyar.

Birnin Kudu

Ƙasar Hausa ma ta samu rabonta. A tsakiyar shekarun 1950 Fagg ya je Birnin Kudu, wadda yanzu ke jihar Jigawa, don nazarin zanen shanu da ke jikin duwatsun garin, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Can ya lura da wasu duwatsu da ke ƙara kamar ƙararrawa idan an buga su, jikinsu duk ya lotsa saboda daɗewa ana bugu. Mutanen garin ai sun san su. Abin da ya yi shi ne ya rubuta su, ya buga bayani a 1956, ya shiga neman irinsu a wasu wurare. Bayan mutuwarsa matarsa Catherine ta tattara binciken ta fitar da littafi a kan duwatsun kiɗa.

Komawa Ingila da rasuwarsa

A 1963 aka naɗa shi shugaban gidan tarihin Pitt Rivers na Jami'ar Oksfod. Ya tafi da babban buri na gina sabon gida mai siffar da'ira, har an zana taswira, amma kuɗi suka ƙi samuwa, ginin bai tashi ba. A 1968 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Ya ci gaba da aiki cikin wahala har ya yi ritaya a 1975. A 1977 littafinsa kan siffofin Nok ya fito. Ya rasu ranar 14 ga Agusta, 1987, yana da shekara 71. A Nijeriya kuwa, Ekpo Eyo, wanda ya taso a sashen tun zamanin Murray da Fagg, ya zama darakta a 1968, ɗan ƙasa na farko a kujerar. 'Yar Fagg, Angela, ta bi sahunsa, ta yi tono a Samun Dukiya kusa da Nok.

Abin da ya biyo baya

Sunan da Nok ta yi shi ne ya jawo mata masifa. A shekarun 1990 dillalai suka gano cewa kai ɗaya na iya kawo kuɗi mai yawa a Turai. Aka riƙa ɗaukar samarin ƙauye suna tona wurare dare da rana, a kudancin Kaduna, da Kwatarkwashi ta Zamfara, da wasu wurare. Mai tono ya samu na cefane, dillali ya gina gida. A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Nok cikin jerin waɗanda aka fi sata. A shekarar ce aka ga wasu an baje su a gidan tarihin Louvre na birnin Faris, aka yi ta cece-kuce, daga baya Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, aka mai da su aro. Ko da an dawo da irin waɗannan kaya, abin da Fagg ke tambaya ya riga ya tafi: ramin, zurfin, gawayin da ke gefe.

Daga 2005 masu bincike na Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, suka sake tono a tsanake. Sun gyara lissafin Fagg. Sun nuna mutanen sun fara zama a yankin tun wajen 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), siffofin yumɓu kuma sun fara bayyana wajen 900. Sun gano gero suke nomawa da wake, suna cin atili, har an samu alamar kakin zuma a tukwanensu. Gyaran nan bai rage Fagg da komai ba, don da irin tambayarsa aka yi shi. A watan Fabrairu na 2017 'yan bindiga suka sace Breunig da wani abokin aikinsa a Janjala ta ƙaramar hukumar Kagarko, suka kashe mutum biyu 'yan garin. An sako Jamusawan bayan 'yan kwanaki, amma aikin fili ya tsaya.

Mu kuma fa?

A taswirar da aka zana tun zamanin Fagg, wuraren da aka samu kayan Nok sun miƙa kusan kilomita 500, daga Katsina-Ala a kudu maso gabas har Kagara a arewa maso yamma. Kagara kuwa maƙwabciyarmu ce, daji ɗaya ya haɗa mu. Ba cewa nake mutanen Nok sun zauna a ƙasar Birnin Gwari ba, wannan magana ce da tono kaɗai zai raba gardamarta. Amma duk wanda ya yi noma a wajenmu ya san garma na fito da tsingaro, da kashin ƙarfe, da dutsen niƙa a inda ko kakanni ba su ce an taɓa yin gari ba. Ga Tsohuwar Birnin Gwari, ga duwatsun dajin Kamuku, wanda ya zama gandun dajin ƙasa a 1999. Shekarun rashin tsaro sun tashi ƙauyuka da yawa, tsofaffin da suka san sunan kowane kufai sun warwatsu cikin garuruwa, wasu sun rasu. Ramukan zinare kuwa ba su daina ƙaruwa ba. Yaron da ke cikin rami yana neman abin da zai ci ne, ba zan ga laifinsa ba idan ya fasa tsohuwar tukunya ya wuce. Leburan kuza ma haka yake yi kafin a samu mai zuwa bakin ramin ya yi masa bayani.

Na san wani zai ce ai gumaka ne, me ya haɗa mu da su? Ba wanda ya ce a rusuna musu. Masu binciken ma hujja suke nema a jikinsu, kamar yadda likita ke duba ƙashi. Mun taso ana koya mana duba ƙarshen al'ummomin da suka gabata don ɗaukar darasi. Sanin cewa a ƙasar nan an noma gero shekara dubu uku da suka wuce, an narka ƙarfe ba tare da wani ya zo daga ƙetaren teku ya riƙe mana hannu ba, bai taɓa imanin kowa ba.

Mu da za mu karɓi difloma bana, mu ne za mu tsaya a bakin ramukan gobe. Ɗan sashen ma'adinai zai kula da wurin haƙa, safiyo zai auna fili, injiniyan gini zai sa katafila ta yanka hanya. Idan wani abu ya fito, abin da ake bukata kaɗan ne. A dakata da tono a wannan gefen. A ɗauki hoto abin yana inda yake, a ajiye biro ko tsinken awo kusa da shi don a san girmansa. A ɗauki lambar wurin da waya, a rubuta zurfin. Kada a wanke shi, kada a share gawayi ko tokar da ke kewaye. Sannan a sanar da mai gari da gidan tarihi na ƙasa da ke kan titin Ali Akilu a Kaduna. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta hana cinikin irin waɗannan kaya da fitar da su waje ba da izini ba, saboda haka wanda dillali ya zo masa da daɗin baki ya san inda ya sa ƙafa.

Fagg ya yi wannan aiki da littafin rubutu da fensir, cikin ƙasar da ba tasa ba. Mu muna da waya mai kyamara a aljihu, kuma masu haƙan ƙannenmu ne da abokanmu, da harshe ɗaya muke magana. Ina roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai su shirya mana ziyara zuwa gidan tarihin Kaduna ko na Jos kafin a rufe zango, mu ga kayan da idonmu. Allah Ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa a Birnin Gwari da Arewa baki ɗaya, amin.